Tashi daga Rijiyar Sidi

Rana ta riga ta yi zafi lokacin da garin Rijiyar Sidi ya bayyana a ƙarƙashin fiffiken hagu. Nasiba ta rage wa injin ƙarfi. Daga sama tana hangen rumfunan kasuwa cike da mutane, da karar shanu a gefe, da jan layin pisti, wato filin saukar da aka share a bayan gari, wanda ya ƙare a gindin wasu manyan itatuwan gawo ta gabas.

"Kada ki sauka tukuna," in ji Mushe Magagi, malaminta da ke zaune a kujerar dama, ta cikin abin kunne. "Pistin da ba ki sani ba, sai kin bi ta kanshi ƙasa-ƙasa kin duba shi da idonki. Akwai rami? Akwai bisashe? Iska daga ina take?"

Ta sauko ƙasa-ƙasa ta bi tsawon filin. Wasu awaki suka watse da jin ƙarar injin.

"Babu rami, Mushe. Hayaƙin masu gashin nama ya kwanta yamma, ke nan daga gabas iskar take. Ta yamma zan shigo."

"To shigo."

Nasiba ƴar Filinge ce, ɗiyar wani tela a bakin kasuwa. Ta daɗe tana aikin rediyo a wata ƙaramar ƙungiya a Yamai, mai kai magani ƙauyukan da hanyar mota ta daina shiguwa saboda ƴan bindiga. Da tsohon matuƙinsu ya fara maganar hutawa, sai ƙungiyar ta sa ta koyon tuƙi a hannunsa. Shi ne Magagi, wanda ake kira Mushe, wato malam da Faransanci, tsohon sojan sama, shi ma ɗan Kurfai, ƙasar su Filinge, mai furfura da gajeren haƙuri. Ta riga ta tashi ita kaɗai a filin Yamai, amma wannan ne karon farko da za ta sauke jirgi a daji.

Tayoyin suka taɓa ƙasa, jirgin ya yi tsalle kaɗan, ya zauna. Ta kai hannu za ta kashe injin, Magagi ya tare ta.

"A daji ba a kashe inji haka nan. Koma can ƙarshen yamma, ki juya hancin jirgi inda za ki tashi, sa'an nan ki kashe."

Ta yi yadda ya ce.

Suna sauke kwalayen magani sai ga majo Tahiru, ma'aikacin jinyar garin, yana biye da amalanken jaki. A kan amalanken wata mata ce kwance a kan tabarma, da tsohon ciki, leɓenta ya bushe. Wani dogon makiyayi yana tafe a gefenta, hannunsa ɗaya riƙe da sanda, ɗayan yana kare mata rana da malafarsa.

"Allah ne ya kawo ku," in ji Tahiru bayan gajeruwar gaisuwa. "Wagga Habsa ce, wanga mijinta, Hammadu. Tun jiya take naƙuda, ɗan ya gitta. In ba a yi mata aiki yau ba, ni dai ba ni da abin da zan yi mata."

Magagi ya dubi Nasiba. "Ke ce matuƙiya. Mutum nawa za ki ɗauka?"

Ta dubi tsawon pistin, ta dubi itatuwan gawon da ke ƙarshensa. Tankuna biyu na cikin fikafikai har yanzu da nauyin esans, wato man jirgi. Ƙasa tana huci, har nesa tana rawa a ido.

"Uku. Ni da kai da ita."

Hammadu ya leƙa cikin jirgin. "Kujera huɗu na gani, hajiya."

"Huɗu ce, malam. Amma in rana ta yi zahi haka, iska ba ta da ƙarhin ɗaga jirgi. Hilin ga gajere ne. In munka ƙara nauyinka, ba za mu wuce itatuwan can ba."

"Ba ta taɓa zuwa ko'ina ba ni ba. Hausarta ma kaɗan ce. Wa zai ji abin da take cewa?"

"In kana so ka tahi," in ji Magagi, "sai mu jira la'asar, iska ta yi sanyi."

"Ba za ta kai la'asar ba," in ji Tahiru.

Hammadu ya buɗe baki zai yi magana, sai aka ji ƙara daga wajen kasuwa, kamar ana buga kwano da ƙarfe, sau uku a jere. Kowa ya tsaya. Sai ƙarar ta ɓarke gaba ɗaya, babu tsayawa, haɗe da kukan babura da ihun mata.

"Su ne," in ji Tahiru. "Innalillahi, su ne."

Baƙin hayaƙi ya tashi daga rumfuna. Shanun kara suka tsinke suka fantsama cikin gonaki. A bayansu mutane ne, ɗaruruwa, suna gudu, da yawansu sun nufo pisti domin shi ne fili buɗaɗɗe. Nasiba ta ga wani tsoho ya faɗi a kan fuskarsa, bayan rigarsa ya yi ja. Wata yarinya ta tsaya za ta ɗaga shi, ita ma ta faɗi a kansa.

"Sa ta ciki!" Magagi ya daka wa Hammadu tsawa. "Nasiba, kujerarki! Kada ki tada inji sai na ɗaga miki hannu!"

Hammadu da Tahiru suka ɗauki Habsa suka kwantar da ita a kujerar baya. Tahiru ya ɗaure mata bel, ya juya zai koma wajen amalanke, sai harsashi ya same shi a wuya. Jini ya fesu a jikin ƙofa. Ya dafe wurin da hannu biyu, ya durƙusa, ya kife a ƙarƙashin fiffike. Jakin ya yi kururuwa ya ja amalanken ya yi daji.

Masu gudu sun iso. Suka kewaye jirgin, suna buga gilashi, suna jan ƙofa. Magagi yana gaban hanci yana hankaɗe su da ƙirji da hannu.

"Ku ja baya! Farfela za ta sare ku! Ku ja baya!"

Da gaban ya buɗe ya ɗaga hannu. Nasiba ta murɗa makulli. Injin da zafi, ya yi tari ya ƙi. Ta sake murɗawa. Ya kama. Farfela ta juya ta zama inuwa, ƙura ta turnuƙe, mutane suka ja baya da kansu.

Magagi ya zagayo ta nesa da farfelar, ya kusa ƙofar dama, sai ƙafarsa ta lanƙwashe. Ya faɗi, ya yunƙura, ya sake faɗuwa. Harsashi ya same shi, wandonsa ya jiƙe da jini daga cinya zuwa gwiwa. Hammadu ya sunkuce shi kamar ɗan maraƙi ya tura shi kujerar gaba, sa'an nan ya ɗora ƙafa ɗaya a kan matakin shiga.

Magagi ya kama masa wuyan riga. "Saurara, ɗan'uwa. In ka shigo, mu huɗu za mu ƙone a gindin gawon can, har da abin da ke cikinta."

Hammadu ya dubi matarsa. Ta miƙo hannu tana kiran sunansa. Ya faɗa mata wata magana da Fulatanci, gajera, ya sauke ƙafarsa, ya buga ƙofar ta rufu.

Wani mutum ya rungume ƙarfen da ke tokare fiffiken hagu, daidai tagar Nasiba, yana kuka yana roƙonta da sunan Allah. Tana ganin haƙoransa. Hammadu ya zagayo ta baya ya maka masa sanda a hannu, ya sake makawa, har ya saki ya faɗi. Daga nan ya ruga kan pistin yana kaɗa sanda yana korar mutane gefe kamar yadda yake korar shanu.

"Bole mataki ɗaya," in ji Magagi, haƙoransa a cije. Ta sauke bole, wato faifan bayan fiffike da ke taimakon tashi. "Taka birki. Ba shi gaz, ƙarhin inji duka. Duka na ce! Yanzu saki."

Jirgin ya zabura. Tsakuwa tana bugun cikinsa. Allurar gudu ta motsa da ƙyar, kamar ba ta so.

Daga hagu babur ya ɓullo, mutum biyu a kai, fuskokinsu naɗe da rawani, na bayan yana ɗaga bindiga. Sun nufo tsakiyar pisti za su tare hanya. Hammadu yana kusa da su. Bai gudu ba. Ya riƙe sandarsa da hannu biyu, ya jira sai da babur ɗin ya zo daidai shi, ya kai wa matuƙin duka a fuska. Babur ɗin ya kife, ya ja su biyun a ƙasa zuwa gefen fili. Wani babur ɗin yana biye. Nasiba ta ga rigar Hammadu ta yi tsalle a ƙirji sau biyu. Ya zauna daɓas, ya kwanta a gefe ɗaya. Fiffiken jirgin ya wuce ta kansa.

Wani abu ya bugi jirgin kamar da guduma, ya sake bugawa. Gilashin baya ya tarwatse. Habsa ta ƙwalla ƙara. Itatuwan gawo suna girma a gaba, Nasiba ta ja sandar tuƙi zuwa cikinta.

"Ba yanzu ba!" Magagi ya tura sandar gaba da hannunsa mai jini. "In kinka ja shi bai shirya ba, zai tashi ya dawo. Dubi allura, kada ki dubi itace."

Ta dubi allurar. Hamsin. Hamsin da biyar.

"Yanzu. A hankali."

Tayoyin suka bar ƙasa. Nan take ƙahon gargaɗi ya fara kuka, alamar fiffike na gab da rasa iska.

"Sauke hanci kaɗan. Bi ƙasa-ƙasa, bari shi tara gudu."

Duk jikinta yana ce mata ta ja, amma ta sauke hancin, ta nufi itatuwan kai tsaye. Ƙahon ya yi shiru. Tana ganin rassa ɗaya-ɗaya lokacin da ya ce, "Ja." Jirgin ya hau. Reshe ya daki tayar dama da ƙarfi har ya karkata, ta mayar da shi daidai. Suka wuce.

Ba ta waiwaya ba.

"Hau sama," in ji Magagi. "Hau iya hawa tun inji yana da rai. Ba ni kallabinki."

Ta fizge kallabin da hannu ɗaya ta miƙa masa. Ya ɗaure cinyarsa sama da raunin, ya soka biro cikin ƙullin ya murɗa har ya yi nishi. Jini ya riga ya taru a ƙasan jirgin yana gangarowa wajen ƙafarta.

Ta juya kudu maso yamma, ta kama dallol, faffadan kwarin nan mai goruba da fararen gonaki wanda ya bi ta Filinge. Ta kira Yamai a rediyo da Faransanci, ta faɗi ko su wane ne, da inda suke, da abin da ya faru. Ba a amsa ba. Ta sake kira.

"Bar rediyo," in ji Magagi. "Jirgi tukuna. Duba hagunki."

Farin feshi yana fita daga fiffiken hagu kamar hayaƙi. Harsashi ya huda tankin. Ta mayar da makunnin esans kan tankin dama ba tare da ya faɗa mata ba. Ya gyaɗa kai.

"Sauran agogo hwa?"

Ta bi su da ido. Allurar baƙin mai ta sauka daga kore, tana gangarawa. Ta zafin inji tana hawa. Ɗigo baƙi ya bayyana a gilashin gaba, wani ya biyo, iska ta shafe su suka zama layi.

"Mai yana zuba, Mushe."

"Na gani. Injin ga ba zai kai mu ba. Kada ki roƙe shi. Ki ci gaba da hawa, kuma tun yanzu duk gonar da kinka gani ki tambayi kanki, in ya mutu nan, ina zan sauka."

A baya Habsa ta daina ihu, tana wani nishi mai tsawo. Nasiba ta miƙa hannun dama baya ba tare da ta juya ba, matar ta kama shi ta matse har yatsu suka yi ƙara.

"Hammadu?" in ji Habsa.

"Riƙe bel ɗinki, ƴar'uwa. Mun kusa." Ta zare hannunta.

Gilashin gaba ya rufe da mai, sai ta taga take gani. Warin ƙonewa ya cika jirgin. Can nesa ta hango duwatsun bakin dallol da dogon ƙarfen tarho na Filinge, da ƙyallin rufin kwano. A nan aka haife ta. Tana iya nuna unguwarsu da yatsa.

Injin ya yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a turmi. Jirgin ya girgiza duka. Farfela ta yi juyi biyu ta tsaya cik, tsaye a gaban hanci. Sai kukan iska kawai ta tagar da ta fashe.

"Hanci ƙasa," in ji Magagi. Muryarsa ta yi rauni, kansa ya jingina da ƙofa. "Sittin da biyar. Riƙe shi nan, kada ki bari ya ragu."

"Ga gari can, Mushe. Zan iya kai mu hilin bayan gari."

"Ba za ki kai ba."

"Zan kai. In na ɗaga hanci kaɗan..."

"In kinka ɗaga hanci gudu zai ƙare, mu hwaɗi kamar dutse. Masu ja da nisa su ne munka binne. Dubi ƙasa kusa da ke. Zaɓi."

Ta duba ta tagar hagu. Gonakin gero ne da aka share ana jiran ruwa. Ɗaya doguwa ce amma da gawo a tsakiya. Wata tana da kwari a ƙarshenta. Ta uku farar ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, manoma suna ƙone kara a gefenta, hayaƙin yana nuna mata iska.

"Waccan mai hayaƙi."

"To ita ce. Ko kin ga wadda ta hi ta daga baya, kada ki sake shawara." Ya nuna mata makunnin da yatsa. "Kashe esans. Kashe makulli. Bole sai kin tabbata kin kai. Bayan bole, kashe lantarki. Ki buɗe ƙohwa kahin mu taɓa ƙasa, in jirgi ya lanƙwashe ba ta buɗuwa."

Ta rufe esans, ta kashe makulli. Ta karkata a hankali ta fuskanci iska. Ƙasa tana tasowa.

"Mushe, na yi sama da yawa?"

Ta dube shi. Idonsa a rufe, bakinsa a buɗe, hannunsa ya saki ƙullin kallabin.

"Mushe!"

Ta so ta girgiza shi, amma hannunta ɗaya yana kan sanda. Ta kai ɗayan ta murɗa biron ta cusa shi ƙarƙashin bel ɗinsa, ta dawo da ido kan allura. Sittin da biyar. Ta leƙa ta taga. Ta yi sama da yawa. Ta sauke bole duka, jirgin ya yi kamar an riƙe shi ta baya, ya nutse. Ta kashe lantarki. Ta buɗe ƙofarta, ta miƙa ta buɗe tasa. Manoman da ke gonar suka jefar da abin hannunsu suka watse.

"Habsa, sunkuya! Rufe kanki!"

Ta wuce kan shingen ƙaya da ƙyar. Ta ja sandar a hankali, a hankali, tana riƙe jirgin sama da ƙasa har ƙahon ya fara kuka. Tayar hagu ta taɓa. Ta dama ta taɓa, sai ta ji ƙarfe yana noman ƙasa, domin tayar ta riga ta fashe. Jirgin ya fizga dama. Ta taka fedar hagu iya ƙarfinta, bai ji ba. Tayar gaba ta nutse cikin rairayi ta karye. Hancin ya soki ƙasa, wutsiya ta tashi, sararin sama ya juya ya koma ƙasa.

Da hankalinta ya dawo, a rataye take kai ƙasa, bel yana yanka mata kafaɗa, bakinta cike da ƙasa da jini. Esans yana ɗiga a wani wuri kusa da kunnenta. Ta dafa rufin jirgin da hannun hagu, zafi ya ratsa ta har ƙwaƙwalwa, hannun ya lanƙwashe inda ba gaɓa. Ta kwance bel da na dama ta faɗo a kafaɗa. Ƙofar a buɗe take. Ta ja jiki ta fita, ta sake kutsawa ta baya.

Habsa tana rataye, idonta a buɗe, goshinta ya tsage. Nasiba ta shiga ƙarƙashinta ta tokare ta da baya, ta kwance bel ɗin, nauyin matar ya sauko a kanta. Ta ja ta da hannu ɗaya, taku kaɗan-kaɗan, har suka fita daga inuwar fiffike.

Manoman sun tsaya nesa suna kallo, babu mai matsowa.

"Ku taimaka mana!" ta yi ihu. "Akwai mutum ciki! Kada kowa shi zo da wuta!"

Wani dattijo ya ji harshenta ya matso. "Ke ɗiyar wa ce?"

"Ɗiyar Ibrah tela, na bakin kasuwar Filinge. Baba, don Allah, mutum yana mutuwa."

Dattijon ya juya ya yi wa sauran tsawa. Wasu suka ruga suna zuba ƙasa kan karan da ke ci, wasu suka shiga jirgin da wuƙa suka yanke bel suka fito da Magagi. Fuskarsa ta yi fari kamar toka. Nasiba ta kara kunne a bakinsa, ta ji numfashi siriri. Ta nuna wa wani saurayi ƙullin cinyar ta ce ya riƙe shi a murɗe, ko hannunsa zai tsinke kada ya saki.

A kan amalanken shanu aka kai su bakin hanya. Can suka haɗu da motar jandarma, domin an ga jirgin yana saukowa babu ƙara. Aka kwantar da Habsa da Magagi a baya, Nasiba ta zauna tsakaninsu tana rungume da karyayyen hannunta har asibitin Filinge.

Aka shiga da Habsa ɗakin aiki kai tsaye. Kafin la'asar aka ciro ɗa namiji, da rai. Magagi aka ƙara masa jini, washegari aka wuce da shi Yamai cikin rakiyar soja. A can likitoci suka yanke ƙafar daga saman gwiwa.

Labarin Rijiyar Sidi ya iso da waɗanda suka tsira. An ƙone kasuwa, an kora shanu, an binne mutane a rami ɗaya saboda yawansu. Majo Tahiru yana ciki. Hammadu yana ciki.

Ba wanda ya gaya wa Habsa. Ma'aikatan jinya suna cewa a bari ta yi ƙarfi. Nasiba tana ɗakin da ke kusa, hannunta cikin filasta, mahaifiyarta tana zaune bakin gado ta ƙi motsawa. Da ta iya tashi, ta nemi wata tsohuwa mai jin Fulatanci cikin masu jinya, suka shiga tare.

Habsa tana kwance, jaririn a gefenta. Ta dubi Nasiba ta gane ta. Ba ta jira gaisuwa ba, ta yi magana, tsohuwar ta fassara.

"Ta ce ke kina gaba, kin ga abin da ita ba ta gani ba. Ta ce ki gaya mata."

Nasiba ta zauna a bakin gado. Ta faɗa mata duka, a hankali, tana tsayawa tsohuwar ta juya maganar. Yadda ya kori mutane daga kan hanya, da babur ɗin da ya zo tarewa, da sandar, da babur na biyu. Ba ta rage komai ba.

Habsa ba ta yi ihu ba. Hawaye suka gangara ta gefen ido suka shiga kunnenta. Can ta sake tambaya.

"Ta ce, ya ga kun tashi?"

Nasiba ta dubi Habsa. "Ban sani ba. Mun wuce ta kanshi tun ba mu bar ƙasa ba. Idonshi a buɗe yake, fuskarshi tana wajenmu. Iyakar abin da na gani ke nan."

Tsohuwar ta fassara. Habsa ta jawo jaririn ta manna shi a ƙirji, ta juya fuska bango.

Dangin Habsa ba su iso ba har ranar suna, domin hanya a rufe take kuma ba a san inda suka watse ba. Malam Ibrah tela ya sayo rago, ya kira limamin unguwarsu, aka yi addu'a da safe a ƙarƙashin itacen bedin da ke harabar asibiti. Da liman ya aika a tambayi uwar sunan da take so, ta ce Hammadu. Matan unguwar su Nasiba suka dafa abinci suka raba wa masu jinya. Bayan an sallami Habsa, mahaifiyar Nasiba ta ɗauke ta zuwa gida, ta ba ta ɗakin Nasiba, har lokacin da wani wanta ya zo nemanta da farkon damina.

Malam Ibrah ya so ɗiyarsa ta bar aikin jirgi. Ya faɗa mata sau ɗaya, a shagonsa, yana kan keke bai ɗago kai ba. Ta ce ta ji, amma ƙauyukan suna nan, kuma Mushe ba zai sake tuƙi ba. Ya ci gaba da ɗinkinsa. Ranar da ayarin motoci zai tafi Yamai da rakiyar soja, shi ya ɗauko mata jaka har tasha, ya roƙi direba ya ba ta kujerar gaba saboda hannunta.